Yadda Za A Tsare Babur Daga Ɓarayi

Na ga dattawa, na ga samari, ga kuma matan gida can gefe. Madalla. Yau maganarmu a kan babur ce, wanda wasunku ke kira mashin. Ba hawansa zan koya muku ba, don kun fi ni iyawa. Abin da ya tara mu shi ne yadda mutum zai kwana da babur ɗinsa a gida, gari ya waye ya tarad da shi inda ya ajiye shi.

A da, dukiyar talaka jaki ne da awaki, mai hali ya ɗaure doki. Yanzu babur ya shiga ko wane ƙauye. Ga Boxer na kamfanin Bajaj daga Indiya, ga Jincheng da Haojue daga ƙasar Sin, ga Honda na mutanen Japan. Babur ke kai taki gona, shi ke kai hatsi kasuwa. In mace ta fara naƙuda da tsakar dare, shi ke kai ta asibiti. Wani sansa ya sayar ya saya. Wani adashi ya ɗauka. Wani kuwa bashi ne, ko wane mako yana biya. To, ran da aka sace irin wannan babur, abincin gida ya tafi, bashi kuwa yana nan, don ɓarawo ba ya satar bashi.

Mai kuɗi a birni yana da gareji mai ƙofar ƙarfe da maigadi. Mu ba mu da su. Abin da muke da shi zaure ne, da tsakar gida, da katangar ƙasa ko darni. Amma waɗannan ma sun isa, in an yi musu dabara. Ku kasa kunne.

Ku san halin ɓarawo

Ɓarawon babur yana da hanya 3. Ta farko, ya tura shi a hankali har ya yi nisa da gida, sa'an nan ya tayar. Ta biyu, ya tayar da shi nan take ko ba makulli, gama ya san wayoyin cikinsa. Ta uku, ya zo da abokansa su ɗaga shi cak. Babur irin namu ya ɗara kilo 100 da kaɗan, watau kamar buhun masara da ɗoriya. Ƙarti 3 sun ɗauke shi.

Ko wace hanya ya bi, yana bukatar duhu, yana bukatar shiru, kuma yana so ya gama da sauri. Saboda haka aikinmu shi ne mu haska shi, mu tona shi da ƙara, mu kuma ɓata masa lokaci. Babu kwaɗon da ba ya ɓalluwa in an ba ɓarawo dare guda shi kaɗai. Amma ɓarawo ba ya son wahala. In ya ga naka zai cinye masa rabin sa'a, sai ya haƙura ya wuce.

Ku lura da lokatan da ya fi so. Da magariba, sa'ad da mutane suka shiga salla, ƙofar gida ba kowa. Da damina, daren da ruwa ke dukan kwano, ba mai jin motsin waje. Da hunturu, sa'ad da kowa ya ƙudundune cikin bargo. Sai kuma lokacin nan da mutum kan ce, "Bari in shiga in fito," ya bar makulli a jiki. Wanda zai shiga ya sha ruwa kaɗai ma ya zare makulli. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Inda ya kamata babur ya kwana

Kada babur ya kwana a ƙofar gida, ko da unguwarku lafiya lau take. A shigar da shi. In dokin ƙofa ya yi tudu, a yi masa 'yar gangara da ƙasa ko katako, don wahalar ɗagawa ce ke sa mutum ya yi kasala ya bar shi waje.

Zaure yana da kyau in yana da ƙyaure mai ƙarfi. Amma ku tuna zaure shi ne kusa da hanya, mai gida kuwa yana can ciki yana barci. In ba samari masu kwana a shagon kusa, gara a wuce da shi tsakar gida, a tsai da shi gindin tagar ɗakin mai gida. A juya kansa ya fuskanci bango, yadda ba a fita da shi sai an ja da baya an juya. A sa turmi, ko amalanke, ko galan-galan na ruwa a bayansa. Duk abin da ɓarawo zai kawar kafin ya fita, ƙarin lokaci ne da ƙarin motsi.

A rufe shi da tamfol ko tsohuwar tabarma. Mai leƙe ta kan katanga ba zai san sabo ne ko tsoho ba. Ga shi kuma rufin yana kare shi daga ruwa da ƙurar hunturu.

Ku duba ƙyauren gida da kyau. Kwaɗo mai tsada a jikin ƙyauren da gara ta ci aikin banza ne. Maratayin kwaɗo da aka kafa da ƙusoshi, ƙarfe ɗaya ake sa masa a ɓanɓare. A ce wa kafinta ya huda katakon ya sa noti, ya ɗaure ta ciki. Da dare a sa sakata sama da ƙasa, a gitta itace mai kauri. In katanga ta zaizaye da damina, a yaɓe ta da kaka.

Kashedi game da wuta da hayaƙi

Wasu don tsoron ɓarawo sukan shigar da babur ɗakin da suke kwana da iyali. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Tururin fetur ya fi iska nauyi. Yakan kwanta ƙasa ya bi daɓe, ido ba ya ganinsa. Da ya iske fitilar kananzir, ko garwashin turare, ko maganin sauro mai ci, sai wuta. Don haka babur ya yi nesa da murhu, da rumbu, da tarin kara da harawa. Kullum dare a rufe makullin mai da ke ƙarƙashin tanki. In kafireto na ɗiga, a gyara a ranar.

Kada kuma a tayar da inji cikin ɗaki a rufe. Akwai guba cikin hayaƙinsa wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Takan sa ciwon kai da jiri, mutum ya kwanta ya zarce. Kada a tsai da babur yadda zai toshe ƙofar da za a fita in gobara ta tashi. Sa'an nan a hana yara zuwa kusa da shi da zarar an dawo, domin salansa mai zafi tana saɓule fatar ƙafa.

A kafa wa babur turke

Kakanninmu ba su bar doki sake ba, turke suka kafa masa. Babur ma turke yake so. Kulle wuya da ke jikinsa yana da amfani, a riƙa kulle shi kullum. Amma ɗan ƙarfe ne ƙanƙane ke riƙe da shi, mai ƙarfi yana iya karya shi. Ko bai karye ba, bai hana a ɗauki babur ba. Abin da ke hana ɗauka shi ne a ɗaure shi da ƙasa.

Ga yadda ake yi. Ka je wurin mai walda ka sayi guntun rodi mai kaurin milimita 16. Ya lanƙwasa maka shi kamar harafin U, ya kuma tanƙware ƙafafunsa biyu waje, don kada ya zaru. Ka haƙa rami kusa da bango, zurfinsa ƙafa 1 da rabi, faɗinsa ma haka. Ka kwaɓa kankare: siminti awo 1, yashi awo 2, tsakuwa awo 4. Ka kifa rodin cikin ramin, ka zuba kankare ka danna, ka bar bakin zoben a waje gwargwadon yadda sarƙa za ta wuce. Ka riƙa yayyafa masa ruwa har kwana 7 kafin ka fara ɗaure babur. Ƙarfinsa sosai ba ya cika sai wajen kwana 28. Wannan aiki ba zai cinye buhun siminti guda ba.

Wanda ke gidan haya, ko wanda bai samu siminti ba tukuna, ya ɗaure a jikin bishiya mai kauri ko ginshiƙin ƙarfe. Amma ya duba, kada ya zama guntun turken da za a zare sarƙa ta samansa. In akwai babur 2 a gida, a haɗa su da sarƙa ɗaya. Ɗaukar biyu a haɗe ba ƙaramin aiki ba ne.

Sarƙa da kwaɗo

Sarƙar ɗaure kare ko ta guga ba ta tsare babur. A nemi mai kauri, wadda ƙarfen zobenta ya kai milimita 10 ko ya fi. In da hali, ka tafi kasuwa da magagari, ka nemi izinin mai kaya, ka ɗan goga. In magagarin ya ci ƙarfen da sauƙi, zarton ɓarawo ma zai ci. In yana zamewa, ƙarfen mai tauri ne. Kwaɗo kuma a sayi mai nauyi, wanda ƙarfensa mai lanƙwasa gajere ne mai kauri, ba wurin cusa wani abu. Araha ba ta ado. Wanda ya iya sayen babur kada ya yi ƙyashin kuɗin kwaɗo.

Wurin ɗaurewa, ku riƙe abu 3. Na ɗaya, kada a ɗaure tayar gaba kaɗai, gama noti ɗaya ake kwancewa a bar maka taya a tafi da sauran. A zura sarƙa ta cikin firam, watau ƙashin jikin babur, ta bi ta tayar baya, sa'an nan ta shiga zoben turke. Na biyu, kada sarƙa ta kwanta ƙasa. Mai babban almakashin yanke ƙarfe da ƙasa yake tokarawa ya danna da nauyin jikinsa. A ɗame ta ta tsaya a sama. Na uku, kwaɗo ma kada ya taɓa ƙasa ko dutse, don kada a samu wurin dukansa da guduma.

Wasu sukan ƙara ƙaramin kwaɗo a hujin faifan nan mai haƙora da ke tayar baya. Dabara ce mai kyau, tana hana turawa. Amma ka ɗaura jan ƙyalle a hannun babur don ya tuna maka. In ka manta ka ja da kwaɗon a jiki, za ka yi wa kanka ɓarna, watakila har ka faɗi.

Har wa yau, bakanike amintacce yana iya sa maka ɓoyayyen makunni a wurin da kai da shi kaɗai kuka sani. In ba a taɓa shi ba, ko an yi ta buga kik inji ba ya tashi.

Haske da ƙara

Fitilar sola ta yi araha yanzu. Akwai irin wadda kan kama da kanta in ta ji motsi. A kafa ta sama inda hannu ba ya kai, ta haska babur da bakin zaure. Akwai kuma ƙararrawa da ake sa wa babur, ko kwaɗo mai ƙara, da an jijjiga sai ya ɗauki kuka. Wanda ba shi da kuɗinsu ya zuba tsakuwa cikin gwangwanaye, ya ɗaure da siririn zare a jikin taya ƙarƙashin tamfol. Kare ma mai gadi ne, zabi kuma ba su ganin baƙon motsi su yi shiru.

Akwai wata 'yar na'ura ta bin sawu da ake ɓoyewa a jikin babur. Ana sa mata layin waya, ita kuwa tana nuna wa mai shi inda babur yake a cikin wayarsa. Ba ta hana sata, amma tana taimako wurin nema. Sai dai tana bukatar sabis, da kuɗi a layin, da batir mai rai. In ƙauyenku sabis ba ya kamawa sosai, kuɗinka ya fi amfani a sarƙa da turke.

Makulli da baki

Sabon babur yakan zo da makulli fiye da ɗaya. Ɗaya a aljihunka, sauran a ɓoye cikin akwati. Kada a rataye makulli a ƙusar bakin ƙofa inda kowa ke gani. Ka san wanda kake ba aro, domin yanka makulli irinsa ba ya ɗaukar lokaci. In makulli ya ɓace, a sake wurin makullin gaba ɗaya.

Da ɗan gari akan ci gari. Kafin ɓarawo ya shiga gida, ya riga ya ji labarinsa. Kada ka zauna a majalisa ko teburin mai shayi kana faɗin inda kake ajiye babur, ko ranar da za ka yi tafiya. Matan gida, ku ma da aikinku. Ku kuke gida da rana. In baƙo ya yi sallama ya ce mai gida ya aiko shi ya karɓi babur, kada a ba shi sai an ji daga bakin mai gida. A gargaɗi yara su ma.

Lamba da takardu

To, ga inda karatunku zai biya ku. Ko wane babur yana da lamba 2 da aka buga a jikin ƙarfensa tun daga masana'anta. Ɗaya lambar shasi, galibi tana wuyan firam, ƙarƙashin hannu. Ɗaya lambar inji, tana jikin inji ta ƙasa. A yawancin babura na yanzu lambar shasi haruffa ne da lambobi guda 17. Ba a sa harafin I, ko O, ko Q a cikinta, don kada su rikice da 1 da 0. Saboda haka in ka ga abu zagayayye a ciki, sifiri ne.

Babura irin ɗaya sun yi kama kamar ƙwan zabi. In an kama babur 20 a ofishin 'yan sanda, ba za a ba ka don ka ce naka ja ne ba. Lamba za a tambaye ka. Ka goge wurin da tsumma, ka kwafe lambobin nan da hannunka, ka ƙidaya, ka sake dubawa. Ka rubuta a takarda 2, ɗaya a akwatinka, ɗaya wurin ɗan'uwanka. Mai waya ya ɗauki hoto. Ka kuma yi wata 'yar alama a ɓoye, kamar ƙarƙashin kujera.

Ran da ka saya, ka karɓi rasit, ka karanta ka ga lambar da ke takarda ita ce a jikin babur. Ka je ofishin lasin na jiha ka yi rajista da sunanka, a ba ka lambar da ake liƙawa a baya. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ita ke kula da tsarin waɗannan lambobi. Takardu na ainihi su zauna a gida, ka riƙa yawo da kwafi. Kada ka ajiye su a jikin babur, ka haɗa wa ɓarawo kaya da shaida.

Game da inshora, ku sani ƙaramar da doka ta tilasta, ɓarnar da ka yi wa wani take biya. Ba ta biyan sata. Mai biyan sata ita ce babba, kuɗinta kuwa ya fi yawa. Ka sa a karanta maka sharuɗɗanta kafin ka sa hannu.

In ƙaddara ta faɗa

Ana iya yin duk wannan, abin ya auku. In ka ji motsi da dare, kada ka fita kai kaɗai. Ka yi kururuwa daga ciki, ka buga wa maƙwabta waya. In sun zo da makami sun ce ka ba da makulli, ka ba su. Ana sake sayen babur, ba a sake sayen rai.

Kada ka jira gari ya waye sosai. Ka sanar da mai unguwa da 'yan sintiri nan da nan. Ka kai rahoto ofishin 'yan sanda da takardarka mai lambobi. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kiranta kyauta ne, amma ka riƙe lambar ofishin da ya fi kusa da ku ita ma. Ka kai lambobin ga makanikai, da masu sayar da kayan gyara, da shugabannin masu haya. Saurin nan yana da dalili. Babur ɗin sata ba ya daɗewa, ko a yi nisa da shi, ko a wargaza shi a sayar guntu-guntu.

Kada ka kai kuɗinka wurin boka ya nuna maka ɓarawo. Asara biyu ke nan, ga kuma gaba da maƙwabcin da watakila bai san hawa ba bai san sauka ba. In kuwa an kama wanda ake zargi, a miƙa shi ga hukuma. Kada a taru a kansa da duka. Sau da yawa akan kashe marar laifi ta haka, wanda ya sa hannu kuwa shari'ar kisan kai ke jiransa.

Kada ka sayi na sata

Abin da ke sa ɓarawo ya dage da sana'arsa shi ne yana da mai saye. In aka kawo maka babur a rabin kuɗinsa, ba rasit, ko an kankare lambarsa, ka ja da baya. Dokar Final Kod, wadda aka fara aiki da ita a Arewa a 1960, ta sa karɓar kayan sata da sani cikin laifuffuka, har yau kuwa laifi ne. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ran da mai kaya ya zo da takardarsa, babur ya tafi, kuɗinka sun tafi, ga kuma tsayuwa gaban alƙali. In za ka sayi na hannu, a rubuta takardar ciniki da sunan mai sayarwa, da lambobin nan 2, da kuɗin, da kwanan wata, da shaidu, a gaban mai unguwa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku zauna da mai unguwa ku tsara sintiri, ku karɓi lambar wayar juna. In ka ga wani yana tura babur da dare ba fitila, ka yi masa sallama ka ga fuskarsa.

To, ga aikin gida. Kowa ya je ya duba babur ɗin gidansu, ko na maƙwabcinsa da izninsa. Ya kwafo lambar shasi da lambar inji cikin littafinsa, ya zo da su aji na gaba, mu karanta tare mu ga ko sun cika. Wanda ya riga ya kafa turke kafin ranar, ya gaya mana nawa ya kashe, don sauran su ji.

Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya ba mu kwana lafiya. Wassalam.